Gonar Anatot: Shin Ƙaunar Allah Madawwamiya Ce?

(An kwafo wannan daga faifan laccar da wani malamin Littafi Mai Tsarki ya gabatar a taron wata ikkilisiya a cikin garin Katsina, ranar Asabar da yamma. An bar maganar yadda ta fito daga bakinsa.)

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku. Baba Fasto, dattawan ikkilisiya, iyayenmu na Zumuntar Mata, matasa, barkanku da yamma. Na baya, kuna ji na? To, madalla. Waɗanda suka taso tun daga Malumfashi da Kafur da Funtuwa, sannunku da hanya.

Tambayar da aka ba ni ita ce, shin ƙaunar Allah madawwamiya ce? Na san idan na ce a ɗaga hannu, kowa zai ce e, domin tun muna makarantar Lahadi muke rera haka. Amma e ɗin da aka haddace daban, e ɗin da mutum zai iya faɗa yana tsaye a bakin kabarin ɗansa daban. Na biyun nake so mu nema yau. Abu uku zan kawo, in lokaci ya bari.

Na farko, kalmar kanta. Bahaushe yana da so, yana da ƙauna. Kana son fura, kana son sabon babur, amma ba ka ƙaunar babur. Ko da yake na ga wani a layi na biyu yana murmushi, wataƙila shi yana ƙaunar nasa. (Dariya.) Waɗanda suka fassara mana Littafi Mai Tsarki, wanda ya fito cikakke da Hausa a 1932, su Dakta Miller na Wusasa da abokan aikinsa, ƙauna muka gada daga gare su, kuma sun yi daidai. A Irmiya 31:3 Ubangiji ya ce, na ƙaunace ki da madawwamiyar ƙauna. Kalmar Ibrananci da aka fassara madawwamiya ita ce olam. To, a nan sai mu yi gaskiya. Olam ba kullum take nufin abin da ba shi da iyaka ba. A Fitowa 21:6, bawan da ya zaɓi ya zauna da ubangidansa, aka huda masa kunne, an ce zai yi bauta har olam, wato har ya mutu. Ka ga kalma ita kaɗai ba ta raba gardama ba. Sai mun duba wa ya faɗa, yaushe ya faɗa, me kuma ya yi bayan ya faɗa.

Yaushe aka faɗa? Nan ne zuciyata take, ku yi haƙuri da ni in na daɗe. Ku buɗe Irmiya sura 32, sura ɗaya kawai bayan waccan ayar. Shekara ta goma ta sarautar Zedekiya, sojojin Nebukadnezzar na Babila sun kewaye Urushalima. Ba shiga, ba fita. Abinci yana ƙarewa. Shi Irmiya kuwa yana tsare a farfajiyar masu gadi a gidan sarki, saboda ya ƙi daina cewa birnin zai faɗi. A cikin wannan hali sai ga ɗan baffansa, Hanamel, ya zo masa da magana: ka sayi gonata da ke Anatot, kai ne da hakkin fansa. Wannan doka ce ta Littafin Firistoci sura 25, idan ɗan'uwa ya matsu zai sayar da gado, dangi na kusa shi zai saya don kada ƙasa ta bar zuriya.

Anatot ƙauye ne a yankin Biliyaminu, kamar kilomita biyar daga Urushalima. Wato gonar nan a lokacin tana ƙarƙashin sawun dawakan abokan gaba. 'Yan'uwa, mu a jihar nan ba sai an yi mana dogon bayani ba. A ɗakin nan akwai masu gona a Batsari, akwai masu gona a Jibiya da Faskari da Ƙanƙara, waɗanda damina ta zo ta wuce ba su taka gonarsu ba saboda 'yan bindiga. Yanzu a ce kana tsare, ɗan baffanka ya zo ya ce, gonar nan ta bakin daji, saya. Me za ka ce masa? Za ka ce ko dai yunwa ta taɓa masa kai, ko ya mai da kai wawa. Kuma kada ku manta, mutanen Anatot ɗin nan su ne a sura 11 suka ce wa Irmiya, in ka sake yin annabci za mu kashe ka. Garin da ya nemi ransa, a nan gonar take.

Ya saya. Ya auna azurfa shekel 17. Aka rubuta takarda, aka kira shaidu, aka buga hatimi. Takarda biyu, ɗaya a rufe ɗaya a buɗe, kamar yadda za ka je gaban mai unguwa a sa hannu. Ya miƙa wa Baruk, magatakardansa, ya ce a zuba su cikin tukunyar ƙasa domin su daɗe. Tukunyar ƙasa! Mama, ku da kuke ajiye irin shuka a tulu kun san abin da ake nufi. Bari in ɗan ratse. A 1947 wani makiyayi ya tsinci tsofaffin littattafai a kogon Kumran, kusa da Tekun Gishiri, cikin tuluna na ƙasa, sun yi kusan shekara dubu biyu, har da littafin Ishaya. Don haka dabarar Irmiya ba wasa ba ce, tulu yana riƙe amana.

Me ya sa ya saya? Aya 15: za a sāke sayen gidaje da gonaki da gonakin inabi a ƙasar nan. Abin da nake ƙauna a surar nan kuwa, bayan ya biya kuɗin sai ya koma ga Allah da addu'a, kamar yana cewa, ya Ubangiji, ga birni ya kusa faɗawa hannun Kaldiyawa, wato mutanen Babila, kai kuma ka ce in sayi gona? Ya yi biyayya tukuna, sannan ya yi tambaya. Annabi ne, amma zuciyarsa ta yi rawa. Saboda haka matashi, idan taka ta yi rawa, ba kai ne farau ba. Allah ya amsa masa: ni ne Allah na dukan masu rai, akwai abin da ya fi ƙarfina? A aya 40 kuma ya ce zai yi madawwamin alkawari da su, ba zai daina yi musu alheri ba. Olam ɗin nan ta sake dawowa.

Birnin ya faɗi. An ƙone Haikali, an kwashe mutane zuwa Babila. Shi Irmiya, daga baya mutanensa suka tafi da shi Masar ba da son ransa ba. Bai yi aure ba, domin a sura 16 Allah ya hana shi, ba ɗan da zai gaji gonar. Babu inda aka rubuta cewa ya ci ko zangarniya ɗaya daga cikinta. In da ƙaunar Allah tsawon ran Irmiya ce kawai, da sai mu ce ya yi asarar azurfarsa. Amma ku buɗe Ezra 2:23. Bayan Sairus sarkin Farisa ya ci Babila a 539 kafin haihuwar Almasihu, ya bar Yahudawa su koma gida, aka yi lissafin waɗanda suka dawo gari gari. Me aka rubuta? Mutanen Anatot, 128. Ɗari da ashirin da takwas! Irin ayoyin nan ne muke tsallakewa idan muna karatun safe, jerin sunaye da lambobi. Ni kuwa duk lokacin da na zo kanta sai na tsaya. Mutum 128 sun koma ƙauyen nan sun sa fartanya a ƙasa. Wanda ya yi alkawarin ya fi annabin tsawon kwana, ya fi Nebukadnezzar, ya fi Babila.

Ina muke? Na uku. A'a, na biyu ne ko? To, na biyu. Duk wannan ya nuna ƙaunar ba ta yankewa a gaba. Amma tana da mafari? Yahaya 17:24, Yesu yana addu'a, ya ce wa Uba, ka ƙaunace ni tun ba a kafa duniya ba. Nan ne bangaskiyarmu ta Kirista take da abin faɗa. Idan 1 Yahaya 4:8 ta ce Allah ƙauna ne, to kafin a yi Adamu, kafin a yi mala'iku, wa yake ƙauna? Uba yana ƙaunar Ɗa cikin Ruhu Mai Tsarki, Allah ɗaya, tun fil azal. Agustin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, ɗan Afirka ne kamarmu, ya rasu a 430, ya yi bayaninsa da mai ƙauna, da abin ƙauna, da ƙaunar kanta. Wato ba ranar da aka halicce ka Allah ya koyi ƙauna ba. Ba kai ka kunna ta ba, balle ka kashe ta. Rijiyar Kusugu ta Daura, da ake cewa ba ta taɓa ƙafewa ba, ita ma akwai ranar da aka haƙa ta. Wannan ba a haƙa ta ba.

Sauran zan bi su da gudu. Zabura 136, aya 26, kowace aya tana ƙarewa da cewa ƙaunarsa madawwamiya ce, ku karanta ta da yaranku a daren nan, ɗaya ya ja, saura su amsa. Annabi Yusha'u da matarsa Gomer da ta ci amanarsa, Bahaushe ya ce son maso wani ƙoshin wahala, Allah ya san da haka kuma bai janye ba. Romawa 8:38 da 39, ko mutuwa ko rai ba za su raba mu da ƙaunar Allah cikin Almasihu Yesu ba. Sannan kuma, yadda ƙaunar take bi ta hannun mutane, kamar masu wanke gyambon kutare a Babbar Ruga tun shekarun 1930... Na'am? Akwai hannu a baya. A miƙa wa Mama abin magana.

(Wata dattijuwa ta ce: Malam, ɗana ya bar gida, ya bar sujada, shekara da shekaru ke nan. Idan ya mutu a haka, ƙaunar nan ta ƙare a kansa ke nan?)

Mama, sannu. Allah ya sanyaya miki. Zauna, don Allah a ba ta kujera a nan gaba.

Ba zan ba ki alewa ba, Mama, domin kin girmi wannan. Akwai hukunci. A Matiyu 25:46 Yesu ya yi maganar madawwamin hukunci da rai madawwami, kalma ɗaya ya sa wa duka biyun, ba ni da ikon goge rabin ayar. A ƙarni na uku wani babban malami a Iskandariya, Orijin, ya sa rai cewa a ƙarshe kowa zai komo, amma ikkilisiya ba ta karɓi wannan koyarwa ba. Sai dai ki lura, hukunci ba ya nufin halin Allah ya sāke. Wani tsohon malamin ikkilisiya na ƙarni na bakwai, Ishaƙu na Nineba, ya koyar da cewa ko waɗanda suke cikin wuta, bulalar ƙauna ce take dukansu, ƙaunar da suka ƙi. Ba aya ba ce, fahimtarsa ce, amma tana nuna inda matsalar take. Mutum yana iya juya wa ƙauna baya. Rana ɗaya ce take narkar da man shanu, take kuma busar da tubali.

Amma Mama, kin yi tsalle kin tafi kabari, ɗanki kuwa yana da rai. Luka 15 ta ce tun ɗan yana nesa uban ya hango shi. Wanda bai sa ido a hanya ba, ba ya hangen na nesa. Ɓarawon da ke kan gicciye sa'o'i kaɗan suka rage masa, Yesu ya ce masa yau za ka kasance tare da ni a Firdausi. A Ishaya 49:15 kuma Allah ya tambaya, mace za ta iya manta da jaririn da take shayarwa? Ya ce ko ita ta manta, ni ba zan manta da ke ba. Ke ga shi ba ki manta ba, har kin tashi a gaban jama'a kin faɗa. Daga ina kika samo wannan? Ba ke kika ƙirƙiro ta ba.

Ɗakinsa yana nan? Kina share shi? (Ta ce e.) To, kin riga kin auna azurfarki, Mama. Ci gaba da sharewa.

Baba Fasto yana nuna mini agogo. Maganar Babbar Ruga sai wani zaman. Iyayenmu mata, ku matso kusa da ita. Mama, ba sai kin faɗi sunansa da ƙarfi ba, ki faɗa a ranki. Mu sunkuyar da kai.