Wasulan Turanci da kunnen ɗan zango

An rubuto daga naɗin wata lacca da wani malamin Turanci ya yi wa ɗaliban sakandare a Aboabo, Kumasi.

Assalamu alaikum. Na baya ku matso, abin yau na kunne ne.

Haruffan wasula a rubutun Turanci biyar ne, amma bakin mutumin kudancin Ingila yana fitar da sauti wajen 20: tilo 12, tagwai 8. Hausa tana da biyar, kowanne da gajere da dogo, sai tagwai biyu, ai da au, kamar a aiki da sauro. Tagwan wasali shi ne harshe ya tashi daga wani wasali ya zame zuwa wani cikin gaɓa ɗaya.

Me ya raba rubutunsu da furucinsu? Daga wajen 1400 zuwa 1700 dogayen wasulan Turanci suka sauya wuri a baki. Time, da ana jan i ɗinta, ta koma taim. Ana cikin haka William Caxton ya kafa injin ɗab'i a Westminster a 1476, rubutu ya fara daskarewa, baki kuma bai tsaya ba. Shi ya sa wanda ya bi harafi yake shan kunya.

To ku duba abin da kakanninmu suka yi da kalmomin aro. Tyre da wire sun zama taya da waya, towel ta zama tawul. Waɗannan ba su ba su wahala ba, don akwai ai da au a gida. Amma tailor fa? Bature yana farawa da e ya zame zuwa i, mu muka miƙe shi, tela. Motor ta zama mota. Har yau haka muke yi wa face da go, kuma ni ban ɗauke shi laifi ba, don mutanen Sikotlan ma da wasali tilo suke faɗinsu. Sai dai a jarrabawar sauraro ta WAEC dole kunne ya raba get da gate.

Malama, kin tambayi ship da sheep. A kasuwar Kejetia duk ɗaya ake faɗinsu, amma ke kina da abin farawa. Ce min garin Kumasi. Yanzu ce garin rogo. Kin ji yadda kika ja wasalin a cikin na biyun? Wannan kunnen za ki kai wa sheep, ki ja shi leɓe a shimfiɗe. A ship kuwa ki gajarta, ki kuma saki harshe ya ɗan sauka, don bambancin ya wuce tsawo kawai.

Layin farko, ku faɗa in ji: full, fool. A'a, Alhassan, sau biyu ka faɗi fool. Sake.