Mafarki, Dannau da Littafin Fassara

Assalamu alaikum. Na gode wa shugaban taro. Na baya kuna jina? To, madalla. Abu 3 zan taɓo a kan mafarki, in lokaci ya bari.

Na farko, abin da ke faruwa da mai barci. A shekarar 1953, a Jami'ar Shikago ta Amurka, wani ɗalibi mai suna Eugene Aserinsky da malaminsa Nathaniel Kleitman suka lura cewa akwai lokacin da idon mai barci ke kai-komo da sauri a ƙarƙashin fatar ido. In aka tashe shi a daidai lokacin, galibi sai ya ce mafarki yake yi. Wannan zango yana dawowa kusan bayan kowane minti 90, sau 4 ko 5 a dare, kuma na ƙarshen dare ya fi tsawo. Shi ya sa mafarkin goshin asuba ya fi zama a rai. Mai cewa ba ya mafarki, yawanci mantawa yake yi.

Ga hikimar Ubangiji. A cikin wannan zango ƙwaƙwalwa tana kulle tsokokin jiki, ta bar ido da numfashi. Da ba haka ba, wanda ya yi mafarkin yana gudu daga Ƙofar Doka zuwa Tudun Wada, da sai dai a tsinto shi a kwata. (Dariya) Wani mai bincike a birnin Liyon na Faransa, Michel Jouvet, ya lalata wurin da ke yin kullen nan a ƙwaƙwalwar kyanwa, sai ga kyanwa tana barci amma ta miƙe tana daka wa ɓeran da babu shi tsalle.

Ku riƙe wannan kyanwar, za ta yi mana amfani.

Na biyu, dannau. Wa ya taɓa jin dannau a nan? Ku ɗaga hannu, ba abin kunya ba ne. Ku duba, har da layin malamai. To, dannau shi ne ka farka alhali kullen bai riga ya sake ka ba. Idonka biyu, kana ganin ɗakinka, ga ƙofa ga fanka, amma yatsa ya ƙi motsi, ka buɗe baki ka kira sunan Allah murya ta ƙi fita. Ƙirji ya yi nauyi domin har yanzu numfashin barci kake yi, gajere. Ga kuma sauran mafarki bai gama wanke kansa daga ƙwaƙwalwa ba, sai ta zana maka wani baƙin abu a bakin ƙofa, ko zaune a ƙirjinka. Tsoron da kake ji na gaske ne, kada kowa ya ce maka ragwanci ne. Amma daƙiƙoƙi ne, in ya yi tsawo 'yan mintuna, kuma yakan saki da kansa.

Abin yana ci mini rai, jama'a, domin a gidanmu ya faru. Ƙanwata tana shirin jarrabawa, ba ta barcin kirki, sai dannau ya matsa mata. Aka kai ta wurin wani mutum, ya karɓi kuɗi da baƙar akuya, sannan ya ce wata tsohuwa maƙwabciyarmu ce ta kama mata kurwa. Tsohuwar nan ita ke aiko mana da kunun tsamiya da azumi. Har ta rasu matan gidanmu ba su koma gaishe ta ba. Yarinya kuwa, da aka gama jarrabawa ta samu barci, shi ke nan abin ya tafi. Ba wanda ya je ya nemi gafarar tsohuwa. Ba wanda ya je.

Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello na Samaru da Kongo, da ku nake. Ƙarancin barci, yawan damuwa, yau ka kwanta ƙarfe 10 gobe ƙarfe 3, da kwanciyar rigingine, su ne ke jawo shi. Ka yi addu'arka ta kwanciya, ka kwanta ta gefen dama kamar yadda sunna ta koyar. Likita ma zai ce maka ka bar rigingine. In ya zo, ka tuna zai wuce, ka yi ƙoƙarin motsa ɗan yatsa.

 To, na uku, littafin fassara. Kun san shi, ana shimfiɗa shi a ƙofar masallaci ranar Juma'a da sunan Ibn Sirin. Shi Muhammad Ibn Sirin tabi'i ne, mutumin Basra, ya rasu shekara ta 110 bayan hijira, ya kuma shahara da fassarar mafarki. Amma malamai da yawa sun ce littafin ba shi ya rubuta ba, jingina masa aka yi. Turawa ma suna da nasu. Sigmund Freud na birnin Biyana ya fitar da littafi a 1900, yana cewa mafarki buri ne da ya yi shigar burtu. An daɗe ana yayinsa, sai dai babu hanyar gwada fassararsa a ga ta faɗi ko ta tsaya. Har yau kimiyya ba ta tabbatar da cewa maciji ko faɗuwar haƙori na da ma'ana guda ga kowa da kowa ba. Mai kamun maciji da wanda maciji ya sari ɗansa, ta yaya mafarkinsu zai zama ɗaya?

Wani zai ce ai nasa ya tabbata. Mafarki nawa ka yi a bana? Wanda ya dace kake tunawa, sauran sun bi ruwa.

Kada a fita a ce na ƙaryata mafarkin gaskiya. Hadisi ya raba shi gida 3: bushara daga Allah, tsoratarwa daga Shaiɗan, da zancen zuci. Mafarkin Annabi Yusuf, alaihis salam, da na sarkin Masar mai shanu 7 masu ƙiba da 7 ramammu, suna cikin Alƙur'ani, kuma na'ura ba ta auna wannan. Abin da take kamawa shi ne zancen zuci, kuma shi ya fi yawa. Yana da ma'ana kuwa: mai bashi yana mafarkin ana binsa, uwar mara lafiya tana mafarkin asibiti. Ma'anar tana cikin rayuwarka, ba a shafi na kaza ba.

Na'am Hajiya, a miƙa mata lasifika.

(Ta ce mahaifinta, mai shekara kusan 70, yana naushi da shuri cikin barci, har ya taɓa faɗowa daga gado. In an tashe shi sai ya ce da ɓarayi yake faɗa. An ce musu sammu ne.)

Allah ya ba Baba lafiya. Hajiya, kin tuna kyanwar nan? Wannan kishiyar dannau ce. A dannau kullen ya ƙi saki, a wurin Baba kuwa alama ta nuna kullen ba ya kamawa, shi ya sa jiki ke bin mafarki. Ba zan yanke hukunci daga nan ba, amma an san wannan matsala, ta fi samun maza dattawa, kuma a wasu takan riga ciwon karkarwar jiki, wanda ake kira Parkinson, da shekaru. Ban ce yana da shi ba. Ku kai shi asibitin koyarwa na Shika ya ga likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ku tafi da duk magungunan da yake sha, domin wasu magunguna na jawo haka. Wanda ke kwana kusa da shi ya bi ku, shi ne ya ga abin da ido. Daga yau a sauke masa katifa ƙasa, a kawar da wuƙa da kwalba da fitila daga inda hannunsa ke kaiwa. Ku ci gaba da yi masa addu'a, amma kada a nuna kowa da yatsa a unguwa.

Shugaba yana nuna mini agogo, ga shi an fara kiran la'asar. Hajiya, ki tsaya bayan salla in rubuta miki sunan sashen da za ku nema.