Jakar Tafiya Zanzibar: Me Za a Zuba, Me Za a Bari a Gida

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na baya kuna ji na? To, madalla. Alhaji, ga kujera nan gaba, bismillah.

An ce in yi bayani a kan kayan da mutum zai haɗa idan zai je hutu tsibiri mai zafi. Tsibiran suna da yawa, don haka zan ɗauki ɗaya mu tsaya a kansa, wato Zanzibar ta ƙasar Tanzaniya, tunda mutanenmu suna nufar can, musamman amare da angwaye. Zanzibar yankin Musulmi ne, abinci halal, masallaci ko'ina. Babban tsibirin sunansa Unguja, ɗan'uwansa Pemba yana arewa da shi. Abubuwa biyar na shirya: takardu, tufafi, magani, kayan wuta, sai ita kanta jakar. In Allah ya yarda ba za mu wuce La'asar ba.

Na ɗaya, takardu, kuma zan yi sauri. Fasfo ya kasance da sauran wata shida aƙalla. Mai fasfon Najeriya ba a buga masa biza a filin jirgi, ta intanet ake nema, kuma sai an tantance, don haka a nema da wuri kafin a biya kuɗin otal. Katin rigakafin zazzaɓin shawara, wato yalo kad, dole ne, saboda daga ƙasar da cutar take muka fito. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10, to wanda ya je ya yi ta ana jibi tafiya ya yi aikin banza. Amma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Sannan tun 1 ga Oktoba 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi inshorar tafiya daga kamfaninta na inshora, dala 44 ga babba, ko da kana da wata inshorar. Duk waɗannan a buga su a takarda, kar a ce suna cikin waya. Waya tana mutuwa. Dala kuma a nemi sababbi, 'yan canji a can suna ƙin waɗanda aka buga kafin 2009, kuma a canza zuwa shilin don cefanen yau da gobe.

Na biyu, tufafi. A nan zan zauna, ku yi haƙuri da ni.

Duk Bahaushen da aka ce masa tsibirin akwai zafi sai ya yi dariya. Mutumin Sakkwato ko Maraɗi da ya sha digiri 43 a watan Afrilu, a ce masa Zanzibar 30 ne ko 32, ai sai ya ce sanyi ake yi. To ba zafin ne abin shiri ba, danshi ne. Danshi. Ku riƙe wannan, don rabin abin da zan faɗa yau daga nan ya fito. A Kano lokacin hunturu laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. A Zanzibar tana yawo wajen kashi 75 zuwa 80, har ta wuce. Me wannan yake nufi? Jiki yana hucewa ne idan zufa ta bushe. A gida kana yin gumi iska tana shanye shi, shi ya sa kake ganin farin gishiri a bayan riga amma kai a bushe kake. A can iskar ta riga ta ƙoshi da ruwa, ba ta da inda za ta sa naka. Zufar sai ta zauna a jiki, ta jiƙa riga, rigar ta manne, kuma a haka za ka yini.

To shaddar nan mai sitaci da ta sha bugu, a bar ta a gida. Na ga Alhaji yana kallona. Wallahi Alhaji, minti 20 a cikin lungunan tsohon garin Zanzibar, wato Stone Town, sitacin zai narke, babbar rigar ta koma kamar tsumman goge tukunya. In dole sai an yi hoto da manyan kaya, to saiti ɗaya, na Juma'a. Sauran a nemi yadin auduga mara nauyi, irin boyel ko lilin, ɗinki mai walwala, launi mai haske. Riga 'yar shara da wando mara kauri sun fi komai. Mata kuma, hijabin roba mai santsi, wanda ba ya shan ruwa, shi ne babban mai kawo ƙurajen zafi a wuya da ƙirji da bayan kunne. A ɗauki mayafi na auduga guda uku ko huɗu, a riƙa canzawa. Doguwar riga baƙa mai nauyi ta zauna a gida ita ma. Atamfa ta ainihi, ta auduga zalla, wadda aka wanke sau biyu ta saki, tana da kyau. Leshi mai duwatsu kuwa, Hajiya, ba biki za mu ba.

Kuma kar ku cika jaka da zannuwa, don a can akwai kanga. Yadi ne na auduga, tsawonsa wajen mita ɗaya da rabi, ana sayar da shi bibbiyu, da rubutun Suwahili a gefen ƙasa. Shi ne zane, shi ne mayafi, shi ne abin shimfiɗa a yashi, shi ne tawul, kuma yana bushewa da wuri. Sai dai a sa wani ya karanta maki rubutun kafin ki saya, don wasu habaici ne, kar ki ɗaura zagin kishiya ki shiga kasuwa ba ki sani ba.

Maganar bushewa. A gida ka wanke riga bayan Azahar, kafin La'asar ta bushe ƙayau. A can ka shanya wandon jins a banɗakin otal, kwana biyu yana nan da laima, ya fara wari. Saboda haka lissafin ya juye: manyan kaya kaɗan, kayan ciki da yawa. Tafiyar mako ɗaya, riga huɗu ko biyar sun isa, amma singileti da gajeren wando da sauran na ciki a lissafa biyu a rana, na auduga. Wanda ya maimaita na ciki mai laima, shi ne ake dawowa da ƙaiƙayin matsematsi da makero da kyasbi, don naman gwari ba abin da yake so irin ɗumi da danshi. A sa hoda, a sa ƙaramin man maganin naman gwari, irin clotrimazole, kowane kemis yana da shi. A tafi da igiyar shanya mita uku da 'yan maƙalai, a shanya inda fanka ko iskar teku take bugawa. Kayan da bai bushe ba kada a rufe shi cikin jaka, kwana ɗaya ya isa baƙin ɗigo-ɗigo ya fito, kuma ba ya fita da wanki.

Fata ma haka. Takalmin fata, jakar fata, bel, in aka kulle su cikin kabad kwana huɗu a lokacin damina, sai ka ga furfura ta fito musu, kore-kore. 'Yan ƙulle-ƙullen nan da ake samu a kwalin sabon takalmi, da aka rubuta kar a ci, ku daina zubar da su. Aikinsu shan laima. A tara biyar ko shida a jefa cikin jakar kyamara da ta takardu. Hular zanna ma, in ta sha gumi, a kife ta a gaban fanka da dare. Sai guzuri: kilishi da ƙuli-ƙuli da garin yaji, duk danshi yana lalata su, kilishin ya yi laushi ya yi fumfuna. Wani ma sai ya ƙullo kanumfari daga kasuwar Kurmi. Jama'a, Zanzibar da Pemba su ne gidan kanumfari tun ƙarni na 19, zamanin sarakunan Oman. Wuri za ku bari a jaka ku sayo, da kirfa da masoro.

Lokaci ma yana canza lissafin. Babbar damina, da suke kira masika, daga Maris zuwa Mayu take, ƙaramar kuma wajen Nuwamba zuwa Disamba. Mai zuwa a lokutan nan ya sa ƙaramar lema mai naɗewa, ta fi rigar ruwa, don rigar ruwa a wannan danshin dafa mutum take yi. Yuni zuwa Satumba an fi samun sauƙi, da iska mai ɗan sanyi da dare, riga mai dogon hannu ɗaya ta wadatar.

Na uku... a'a, takalmi ai cikin na biyu yake, amma bari mu ba shi lambarsa. Ƙafa uku: silifas, sandal mai maɗauri na yawo, sai takalmin shiga ruwa mai tafin roba. Na ƙarshen nan shi ake rainawa. A gabashin tsibirin, Paje da Jambiani da Matemwe, teku yana janyewa sau biyu a yini, ya bar fili na ɗaruruwan mitoci, inda mata suke noman ciyawar teku. Mutane sai su bi a ƙafa ba takalmi. A cikin ramukan duwatsun akwai wata baƙar halitta, dunƙulalliya, jikinta duk dogayen ƙayoyi. Ƙayar tana shiga ta karye a cikin tafin ƙafa, in ka sa allura sai ta ƙara rugurgujewa. A jiƙa ƙafar a ruwan zafi daidai jurewa, minti 30 ko fiye, a cire na waje da hantsaki, mai zurfi a kai asibiti. Mutanen wurin suna shafa ƙaron ɗanyar gwanda. A Nungwi da Kendwa can arewa ruwan ba ya janyewa sosai haka.

Ina muke? Na huɗu ko na uku? To, magani. Man kariya daga rana, mai lambar ƙarfin kariya, wato SPF, 30 zuwa 50. Kar wanda ya ce baƙar fata ba ta ƙonewa. Tsibirin digiri 6 ne kawai kudu da ikwaita, layin da ya raba duniya biyu inda rana ta fi ƙarfi, farin yashi da ruwa suna dawo da hasken, kafaɗa da hanci da wuya suna saɓulewa. Babba yana bukatar wajen cokalin cin abinci biyu ga duk jiki, a sake bayan awa biyu ko bayan fitowa daga ruwa. Maganin sauro na shafawa mai sinadarin DEET kashi 20 zuwa 30, a fara shafa na rana, na sauro a kai. Maleriya ta ragu ƙwarai a can amma ba ta ƙare ba, kuma sauron zazzaɓin denge da rana yake cizo. 'Ya'yanmu da suka girma a Ingila ko Amurka ba su da garkuwar da muke da ita, su ga likita kafin tafiya. Gishirin gudawa ƙulli biyar. In babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda zai hau jirgin ruwa daga birnin Darussalam na Tanzaniya zuwa tsibirin, tafiyar wajen awa biyu ce, ya sha maganin jiri kafin a tashi da kamar awa ɗaya, ko ya tauna citta. Mai hawan jini da mai ciwon suga, maganinku a jakar hannu, da ƙarin na mako guda.

Lokaci ya ƙure, sauran a gurguje. Soket ɗinsu irin na Najeriya ne, mai baki uku, amma 'yan'uwa na Nijar ku zo da adafta. Fawa banki a jakar hannu kawai, mai ƙarfin 20,000mAh ba matsala. Waya a sa ta cikin jakar roba mai hana ruwa, ruwan gishiri yana cin wurin caji. Leda an haramta ta a Tanzaniya tun 1 ga Yuni 2019, kar a ƙulla takalma a baƙar leda, a samu jakar yadi. 'Yar leda mai zif ta kayan wanka an yarda da ita. Ita jakar, mai laushi ta fi akwati, don mota ba ta shiga yawancin lungunan tsohon gari, gidajen kuma matakala ce mai tsayi. Ƙananan jiragen zuwa Pemba kilo 15 zuwa 20 suke ɗauka. Na biyar... Na'am, Baba? A ba shi makirfon.

Baba yana tambaya kayan sallah fa, ban ambata ba. Allah ya ƙara girma, Baba, gara da ka tuna mana. Darduma mai kauri tana riƙe yashi da laima, a ɗauki siririya ta tafiya. Ƙaramar buta ta roba, don otal-otal ɗin bakin teku ba duka suke ajiyewa ba. Ruwan teku kuma ana alwala da shi, hadisi ya tabbatar ruwansa mai tsarkakewa ne. Amma babban abin shi ne alƙibla. Mu mun saba da gabas, har cewa muke a fuskanci gabas. A Zanzibar wanda ya kalli gabas ya kalli hanyar Indonesiya. Makka tana arewa da tsibirin, kusan a miƙe sak, don kusan layi ɗaya suke. Masallatan gari ba matsala, ka bi sahu. A ɗakin otal ne ake kuskure. In babu alama a silin, kuma wayar ta rikice, yi amfani da teku: a Paje ko Jambiani sa teku a hannun damanka, inda rana take fitowa. A tsohon gari ko Kendwa, inda rana take faɗawa cikin ruwa, sa mafaɗarta a hagunka. Agogo kuma a ƙara awa biyu a kan na Najeriya da Nijar tun a cikin jirgi.

Hajiya a can baya ta ɗaga hannu, amma ladan ya riga mu. A riƙe tambayar, bayan sallah sai mu ɗauke ta.