Harsashin soja da na farar hula: kamanni ɗaya, aiki daban

Jama'a, assalamu alaikum. Ku dubi waɗannan harsasai biyu. Tsawonsu ɗaya, kaurinsu ɗaya. A gindin wannan an rubuta .223 Remington, a gindin ɗayan kuma akwai da'ira mai kuros a ciki, alamar ƙungiyar tsaro ta NATO, wato 5.56 ke nan. Kowanne zai shige bindigar ɗan'uwansa sumul. Sai dai shiga daban, lafiyar mai harbi daban.

Tushensu ɗaya ne, a Amurka. A ƙarshen shekarun 1950 aka ƙirƙiro shi domin bindigar AR-15, wadda sojojin ƙasar suka karɓa da sunan M16, kamfanin Remington kuma ya sake shi a kasuwa domin mafarauta da masu gasar harbi. A 1980 NATO ta amince da 5.56 da wani kan harsashi mafi nauyi, ƙirar Beljiyam.

To ina bambancin? Yana cikin bindigar. Gaban inda harsashi yake zama akwai ɗan fili kafin a kai tsagin da yake murɗa shi a cikin bututu. Masu sana'ar suna kiran wurin maƙogwaro. A bindigar soja wannan maƙogwaron ya kusa ninka na .223 tsawo, don bindigar fagen fama dole ta ci gaba da aiki ko ta sha ƙura da zafi. Ta farar hula kuwa an matse ta ne domin saiti. Harsashin soja an cika shi da ƙarfi bisa lissafin zai samu wannan sarari. Idan ka sa shi a gajeren maƙogwaro, albarushi na kamawa kan harsashin ya riga ya ci karo da tsagi, sai matsi ya yi sama fiye da abin da aka gwada bindigar a kai. Iyakar matsin da aka ƙayyade wa .223 ita ce psi 55,000 (psi ma'aunin matsi ne). Abin da ke biyo baya: ɗan ƙyastun da ke kunna albarushi ya faɗo daga gindin kwanso (ƙoƙon da ke riƙe albarushin), kwanso ya maƙale, ko iska mai zafi ta dawo fuskar mai harbi. Shi ya sa SAAMI, hukumar da masu ƙera bindigogi na Amurka suka kafa a 1926, ta sa wannan haɗin cikin jerin masu haɗari. Bindiga mai rubutun 5.56 tana cin duka biyun. Mai rubutun .223, nata kawai.

Wasu za su ce sun sha harbawa ba abin da ya faru. Gaskiya ne, ba kowane harbi ne yake fasa kwanso ba. Amma ni ban ga hikimar mutum ya jingina idonsa a kan sa'a ba.

A manyan harsasai lamarin juyawa yake yi. Kamfanin Winchester ya fitar da .308 na farar hula a 1952, NATO ta karɓi takwaransa na soja, 7.62x51, a 1954, shi ne harsashin bindigogin G3 da FAL da sojojin Najeriya suka daɗe suna riƙewa. A nan mazaunin harsashi na bindigar soja ya ɗan fi tsawo, kwanson soja kuma mai kauri ne, yana jure miƙewa. Kwanson .308 ya fi siranta. A tsohuwar bindigar soja da ta sha aiki sai ya miƙe har ya tsinke daga gindi. Kuma kada lambar 7.62 ta ruɗe ku, na AK-47 shi ne 7.62x39, gajere ne, ba ruwansa da waɗannan.

Yanzu sai mu zo kan masu sake cika kwanso. A Amurka wannan halas ne, kuma sha'awa ce ta mutane da yawa. Mutum ya tsince kwansonsa na tagulla bayan harbi, ya wanke, ya matse shi ya koma girmansa, ya sa sabon ƙyastu da albarushi da kai. Kamar dai yadda ake mayar da kwalbar lemo a sake cika ta. A Najeriya dokar makamai ba ta ba kowa damar haɗa harsashi a gida ba.

Su masu cikawar suna son kwanson soja, musamman mai tambarin LC na masana'antar Lake City da ke jihar Missouri, saboda araha da ƙarko. Amma ƙarkon nan shi ne tarkon. Bangon kwanson 7.62 ya fi kauri, don haka cikinsa ya fi ƙunci. Albarushin da yake daidai a kwanson .308, idan ka zuba shi a na soja, matsinsa ya ƙaru. Shi ya sa littattafan awo suke cewa a fara daga ƙasa, kuma kada a cakuɗa kwanson kamfanoni daban-daban a zubi ɗaya.

Ku matso da ido kan gindin kwanson sojan. Kun ga wannan zoben da aka danne a kewayen ƙyastu? An yi shi ne don kada ya faɗo cikin bindiga mai sarrafa kanta, kuma sai an kankare shi kafin sabo ya shiga. Sannan ku haska fitila cikin kwanson. Rami ɗaya a tsakiya, tsarin Boxer ne, yana cikuwa cikin sauƙi. Ramuka biyu ƙanana, tsarin Berdan ne, wanda ya yawaita a rarar harsasan sojan Turai da Rasha. Wanda ya danna masa allurar cire ƙyastu bai duba ba, allurar ce za ta karye.