Kayen Baba da siton da ke cikin girgije

Assalamu alaikum mutanen Damagaram, na Birni da na Zango da na Sabon Gari, da duk mai kallo daga inda yake. Ina kwananku, yaya iyali? Ku yi haƙuri da hayaƙin da ke fita daga bakina, ba taba na koya ba, sanyin Strasbourg ne. Yau Asabar, babu aiki, shi ya sa na fito bakin kogin Rhin. Bari in juya kyamara. Kun ga waccan gada? Wanda ya tsallake ta ya shiga Jamus, garin Kehl, kuma taram, jirgin ƙasa na cikin gari, ma yana kai mutum.

Ba yawon buɗe ido ya kawo ni nan ba. Tun da na ambata a bidiyon da ya wuce cewa lissafin siton Babanmu yanzu a intanet yake, tambayoyi suka yi ta zuwa. Wani ɗan uwa daga Matameye ya ce, "Malam, wai girgijen nan da kuke zuba takardu a ciki, ina yake?" To ga amsar a unguwar nan. A wannan yanki na tashar jiragen ruwa akwai gine-ginen kamfanin OVH, manyan ɗakuna cike da kwamfutoci masu aiki dare da rana. Girgijen ke nan. Sito ne na wani, da bango da ƙofa da mai gadi da takardar kuɗin wuta. A daren 10 ga Maris 2021 gobara ta tashi a nan, ta cinye gini ɗaya ƙurmus, ta taɓa na kusa da shi. Ba a rasa rai ba, amma miliyoyin shafukan intanet suka ɗauke, kuma waɗanda ajiyarsu ta biyu ke wuri ɗaya da ta farko, wasunsu ba su sake ganin kayansu ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ga yadda abin ya faro a gidanmu. Baba ɗan kasuwar wake da riɗi ne. Yayana ke zagaya kasuwannin ƙauye, Mirriya, Matameye, Magarya, yana saye da tiya, a ɗure a buhu, a kawo sito a Zinder, sai masu saye daga Kano su zo a yi ciniki. Lissafin duka yana cikin kaye guda, wato littafin rubutu, mai baƙin bango, Baba yana rubutawa da ajami, lambobi kuma na boko. Shekara da shekaru haka ake, kuma ban taɓa jin dala ta ɓata ba. Matsala ta zo ne da muka watse: ni a Faransa, ina sa kuɗi a jarin; ƙanwata tana jami'ar André Salifou tana taimakawa da yamma; Yaya kullum a hanya. Sai muka ce bari mu bi zamani. Aka buɗe takardar Excel, ta lissafi a kwamfuta, ana turawa ta WhatsApp. Wayyo! Cikin wata biyu muna da "lissafi", da "lissafi sabo", da "lissafi na ƙarshe", da "na ƙarshe na gaskiya". Kowa ya gyara nasa ya turo. Ranar wata Alhamis, ranar da Kasuwar Dole ke cika, mai saye ya kira Yaya yana son buhu 40 na wake. Yaya ya duba takardar da ke wayarsa, ya ce akwai, a turo mota. Mota ta zo, aka buɗe sito, buhu 14. An sayar da sauran tun Litinin, an rubuta a wata takardar da ba ta iso shi ba. Baba bai yi faɗa ba. Ya kira ni, ya ce, "Kai da bokonka, kayena bai taɓa ba ni kunya gaban baƙo ba." Na ce, "Gaskiya ne Baba, a yi haƙuri." Me zan ce?

A ofishin da nake aiki nan, ƙaramin kamfanin jigilar kaya ne, ba wanda ke tura takarda ga wani. Takardar guda ce, tana zaune a kwamfutocin kamfanin da muke haya a wurinsa, kowa ya shiga ya same ta. Mu uku muna rubutu a shafi ɗaya lokaci ɗaya, kana ganin alamar kowa tana motsi da launinta. Daga nan na gane cewa abin da ya sa kayen Baba ke aiki shi ne guda ɗaya ne tak. Mu da muka zo da kwamfuta, kaye biyar muka yi masa.

Masu ba da wannan haya manya biyu ne. Akwai Google Workspace, wanda ya fara a 2006 da sunan Google Apps, ya koma G Suite a 2016, ya ɗauki sunansa na yanzu a 2020. A cikinsa akwai Gmail, da Docs na rubutu, da Sheets na lissafi, da Drive na ajiya, da Meet na taro ta bidiyo. Akwai kuma na Microsoft, wanda ya fito a 2011 da sunan Office 365, yanzu ana ce masa Microsoft 365: Word, Excel, Outlook, OneDrive, da Teams da aka ƙaro a 2017. Bayansu akwai Zoho na Indiya, akwai Nextcloud na Jamus wanda mutum ke iya girkawa a kwamfutarsa in yana da mai kula masa. Kada a tsaya gardamar wanne ya fi, kamar gardamar 'yan ƙwallo. Wanda lissafinsa ke da nauyi kuma hannunsa ya saba da Excel, ya bi Microsoft. Mu da yawancin aikinmu a waya ake yi, Sheets muka ɗauka, don Yaya ya riga yana da Gmail.

Inda na fi so ku saurara shi ne maganar mabuɗi, don nan muka sha wuya ta biyu. Da farko wani yaro da ke mana aiki a sito ne ya buɗe takardun, a asusunsa na kansa, da lambar wayarsa. Yaron kirki ne, bai ci mana ko dala ba. Amma wata rana zancen zinariya ya ɗebe shi, ya yi arewa, layinsa ya daina shiga. Takardun suna nan muna gani, amma shi ne mai su. Ba mu iya mayar da su sunanmu, kuma da ya ga dama ya goge asusun, shi ke nan. Kamar ka zuba hatsinka a rumbun maƙwabci ne, ya kulle ya tafi ci-rani da mabuɗin a aljihu. Kwana uku ƙanwata ta yi tana kwafe su ɗaya bayan ɗaya.

Bambancin asusun kyauta da na kasuwanci ke nan, kuma ya fi maganar yawan wurin ajiya muhimmanci. Na kyauta, Google yana ba kowa giga 15, Microsoft yana ba da giga 5 a OneDrive, kuma ga lissafin wake wannan ya isa har ya yi yawa. Amma a na kasuwanci, kamfaninku ne mai asusun kowa. Akwai mutum guda mai kula, shi ke buɗe wa sabon ma'aikaci, shi ke rufewa ranar da ya bar aiki, ya kuma mayar da takardunsa hannun wani. Adireshin wasiƙarku ma yana ɗauke da sunan kasuwancinku, har kuna iya sayen suna mai ƙarewa da .ne, alamar Nijar. Mai saye daga waje in ya ga haka, ya san da gida yake magana.

Kuma ba kowa ake ba mabuɗi iri ɗaya ba. Mataki uku ne: mai gani kawai, mai iya barin tsokaci a gefe, da mai iya gyarawa. Direban da ke ɗauko kaya, gani kawai yake yi, shafi ɗaya, na buhunan da zai ɗauka. Shafin bashi kuwa, wanda ke da sunayen mutanen da Baba ke bi, mu uku ne kaɗai. Wannan sirrin mutane ne, wasunsu dattawan unguwa. Don Allah ku kiyayi zaɓin nan da ke cewa duk mai mahaɗin, wato adireshin takardar da ake latsawa, zai iya buɗewa. Mahaɗi in ya shiga zauren WhatsApp na dangi, kafin la'asar ya kai Agadas. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da ya sayo zuciyar Yaya kuwa tarihin gyara ne. Takardar tana riƙe da wanda ya canza wace lamba, da ranar, da sa'ar, kuma ana iya komawa yadda take jiya ko makon jiya. Da can in lissafi ya ƙi daidaita, sai a fara kallon-kallo, har zumunci ya so ya yi tsami. Kwanan baya aka ga farashin riɗi ya yi wani iri, aka duba tarihi, ashe ni ne na ƙara sifiri ɗaya da daddare ina gyangyaɗi. Yaya ya yi mako yana min dariya, yana ce min "akanta na Turai".

To kuɗi fa? Ana biya ne kowane kai, kowane wata, kamar haya. Mu ɗauki misali an ce yuro 7 kan mutum ɗaya. Yuro ɗaya sefa 656 ne in an cike, don haka kusan jika huɗu da rabi da 'yan kai ke nan. Mutum biyar, jika 23 duk wata, ko an yi ciniki ko ba a yi ba, da damina da rani. Kuma sai da katin banki mai aiki a intanet, wanda ba kowane ɗan kasuwar Dole ke da shi ba. Namu da katina nake biya daga nan. Ra'ayina, mai shago shi kaɗai ko shi da ɗansa, kada ya ɓata kuɗinsa, na kyauta ya ishe shi, in dai da sunansa da lambarsa aka buɗe. Ranar da ma'aikata suka kai huɗu ko biyar, suna shiga suna fita, ranar ce ta fara biya.

Na san abin da kuke cewa a ranku: wuta da rezo. Gaskiyarku. Nijar ba ta da teku, intanet ɗinmu ta ƙasashen maƙwabta yake biyowa, kuma kun tuna Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke a gabar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka rasa intanet. Kwamfutocin da ke riƙe da takardun nan ma ba kusa suke ba. Microsoft sai 2019 ya buɗe cibiyoyinsa na farko a Afirka, a Johannesburg da Cape Town. Dabarar ita ce a kunna aiki ba tare da intanet ba tun ana da rezo. A waya, ka buɗe takardar, ka zaɓi a ajiye ta a cikin wayar. Yaya yana cikin kasuwar ƙauye inda ko kira ba ya shiga, yana rubuta abin da ya saya, in ya hau kwalta rezo ya dawo, sai ta haɗe da kanta. Sharaɗi ɗaya muka sa: kowa da shafinsa, kada mutum biyu su taɓa layi ɗaya alhali ɗayansu ba ya kan intanet.

Sai tsaro. Kalmar sirri kaɗai ba ta isa, ku kunna mataki na biyu, wato lambar da ke zuwa a waya. Amma waya tana faɗuwa, ana kuma sace ta. Google yana ba da lambobin ko-ta-kwana guda 10, kowace ana amfani da ita sau ɗaya. Mun buga su a takarda, suna cikin adakar Inna tare da takardun gida.

Mu koma kan gobarar can. Kowane ƙarshen wata ƙanwata tana sauke kwafin komai a ɗan makullin USB, ta kuma buga shafin bashi a takarda. Ajiya maganin wata rana. Kayen Baba kuwa yana nan daram, ba wanda ya isa ya ce ya ajiye shi. Shi ke rubutawa da rana, ita ta ɗauki hoton shafin bayan magariba ta shigar, ni in duba daga nan. Yanzu da sanyi agogonmu ɗaya da Zinder, sai bazara Faransa ke wuce mu da awa guda, don haka kusan tare muke rufe lissafi.

Jiya da dare na kira shi ta bidiyo, yana zaune kan buzunsa a zaure. Na ce, "Baba, na ga an shigar da buhu 22 daga Magarya." Ya sa tabarau, ya lashi yatsa, ya buɗe kaye, ya bi layi a hankali. Ya ce, "Ashirin da biyu ne. Injin naku ya fara koyo."

Ga taram ɗina can yana tahowa, kuma yatsuna sun daskare. Wanda ya tambaya yadda ake yin shafin bashi mai tara jimilla da kansa, mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan zauna a ɗaki in nuna muku a allo, layi-layi. A gaida mutanen gida, a gaida Inna in tana kallo. Sai an jima.