Ba'amurke Ya Bar Gida, Gida Bai Bar Shi Ba

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina, iyayenmu mata, ɗalibai, barkanku da yamma. Na baya kuna ji na? To, madalla.

An ce in yi magana kan zaman Ba'amurke a ƙasar waje lokacin da siyasa ke juyawa a ƙasarsa. Mu Hausawa mukan ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. A kan Ba'amurke dai karin maganar nan ba ta zauna daidai ba, kuma dalilin haka zan kawo muku.

Mu fara daga Akara. A 1961 masanin nan baƙar fata, W.E.B. Du Bois, ya tattara komatsansa ya koma Gana bisa gayyatar Kwame Nkrumah, yana da shekara 93. Gwamnatin ƙasarsa ta daɗe tana yi masa kallon ɗan kwaminisanci, ta taɓa riƙe masa fasfo shekara da shekaru, daga baya kuma ta ƙi sabunta masa. Sai ya karɓi takardar zama ɗan Gana. Ya rasu ranar 27 ga Agusta 1963. Washegari mutum wajen dubu 250 suka cika Washinton suna neman 'yancin baƙar fata, Martin Luther King ya yi jawabinsa. Su kuwa baƙaƙen Amurkawan da ke zaune a Akara, har da marubuciya Maya Angelou, suka ɗauki kwalaye suka taka zuwa ofishin jakadancin Amurka. Ku dubi abin da kyau. Wariya ce ta kori da yawansu daga gida, sun samu inda ake mutunta su, amma da gida ya kira, ba su iya zama ba.

Wannan na zuciya ne. Akwai na doka, wanda ya fi ɗaure mutum. Amurka na karɓar haraji bisa zama ɗan ƙasa, ba bisa inda kake zaune ba. Ita da Eritiriya aka sani da wannan. Ko a Yamai kake koyarwa, ko a Nairobi kake aikin asibiti, in kuɗin shigarka ya kai ƙa'ida sai ka cike takardar haraji duk shekara. In abin da ke asusunka na waje ya haura dala 10,000, sai ka bayyana. A 2010 aka kafa dokar FATCA, wadda ta tilasta wa bankunan duniya su kai rahoton asusun Amurkawa, har wasu bankuna suka ga wahalar ta yi yawa, suka daina buɗe musu asusu. Wanda ya ce ya haƙura da fasfon ma, a 2014 aka ɗaga kuɗin ajiye shi daga dala 450 zuwa 2,350. Ni dai ina ganin akwai rashin adalci a nan, domin ƙaramin ma'aikaci abin ya fi ci, attajiri yana da lauyoyi.

Ƙuri'a kuma Amurkawan da ke zaune a waje suna da ita. Dokar 1986 ta tabbatar musu da jefa ta daga nesa, a jihar da mutum ya zauna kafin ya fito.

Yanzu bari in faɗi abin da na gani da idona. Na yi aiki da wata Ba'amurkiya malama, mijinta ɗan nan Najeriya ne. Daren zaɓen 8 ga Nuwamba 2016 ba ta runtsa ba. Tsakaninmu da Washinton awa shida ne a lokacin sanyi, saboda haka sakamako na fitowa ana kiran assalatu. Da safe ta shigo ofis ido ya yi jajur, wayarta a hannu ba caji. Kafin ta zauna, masinja ya ce, "Malama, me ya sa kuka zaɓi Trump?" Mai shayi ya tambaya, ɗalibai suka tambaya. Ba wanda ya tsaya jin wa ta zaɓa. Ta zama jakadiyar da ba wanda ya naɗa. Da aka sa Najeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa bizar ƙaura a farkon 2020, batun ya shigo har ɗakinta, domin takardun mijinta ne suka tsaya.

Na 2025 kun gani. Trump ya dawo ranar 20 ga Janairu, cikin Fabrairu aka sanar da ma'aikatan USAID, hukumar ba da agaji ta Amurka, da ke ƙasashen waje su shirya komawa gida cikin kwana 30. Mutane ne masu yara a makaranta, ana tsakiyar zangon karatu. Maƙwabtansu kuma, direba da mai gadi da ma'aikatan jinya da ke rabon magani a ƙarƙashin shirye-shiryensu, su ma aikin ya tafi.

Shugaban taro yana nuna mini agogo. Waccan malamar har yanzu tana nan tare da mu, kuma a 2024 ma ta aika ƙuri'arta tun watan Satumba, don gudun kada ta makara a hanya. Mai tambaya ya ɗaga hannu, za a miƙa masa lasifika.