Zafin Bazara a Kano: Ɗakin Kwano da Tsofaffinmu

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Daga Riyad nake gaishe ku, amma yau hirar ta Kano ce. Mu a nan zafinmu bai kankama ba tukuna, sai Yuni. Idan ya zo kuwa har doka ake sawa, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba ba a yarda a sa ma'aikaci aiki a rana ba tsakanin sha biyu da uku. Ku kuwa yanzu kuke cikinsa tsundum. Afrilu a Kano ba baƙon abu ba ne a wuce digiri 40, ga ɗauke wuta, ga ɗan garuwa sai an yi cigiya.

Bari in nuna muku wannan ɗan bidiyon da ƙanwata ta turo min daga gidanmu a Gwammaja. Ga ɗakin Hajiya, na bulo, rufin kwano, silin ɗin falanki. Ga kuma tsohon soron kakanmu a ƙofar gida, ginin ƙasa da azara. Ta ɗauka bayan la'asar. Kun ga inda yara suka taru? Soro. Ba wanda ya aike su, jikinsu ne ya kai su. Bangon ƙasa kauri gare shi, kafin zafin rana ya ratsa shi magariba ta kawo jiki. Kwano kuwa nan da nan yake ɗauka ya juye wa na ciki, bulon ya sha rana yini guda, da dare ya yi ta amayo ta. Shi ya sa ƙarfe biyun dare za ka ji ɗaki kamar tanderun gurasa alhali waje ya fara sanyi. Magina na da, waɗanda suka yi irin Gidan Makama, sun san garin da suke gini a cikinsa.

Ba cewa nake a rushe gida a koma ƙasa ba. Amma taga tana da lokaci. Da hantsi, a rufe wadda rana ke duka, a sa labule mai kauri, in da hali a rataya tabarma ta waje, don tare rana kafin ta taɓa gilashi ya fi tare ta bayan ta shigo. Dare ya yi a buɗe komai, ƙofa da taga, iska ta ratsa. Girki a tsakar gida, da sassafe ko da yamma. Kwana a tsakar gida kuwa gadonmu ne, a dai ɗaura gidan sauro. Akwai ma wani dalilin: lokacin nan ne na sanƙarau, kuma cunkoso a ɗaki mara iska na taimaka mata. Manyanmu ba su manta abin da ta yi a Kano a 1996 ba.

Fanka mai caji ta zama kayan gida yanzu, kuma tana da amfani. Sai dai Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa in zafin ɗaki ya haura digiri 40, fanka iska mai zafi kawai take watsa maka. A jiƙa zane ko tawul a yafa, sannan a kunna ta. Ruwan da ke bushewa a fata shi ke tafiya da zafin. Dabarar randa ke nan, ruwa na tsattsafowa ta jikin ƙasa yana bushewa, na ciki na yin sanyi. A kanta Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya gina tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, har ya ci lambar yabo ta Rolex a 2000. Janareta kuma, don Allah, ba a zaure ba, ba a bakin taga ba. Abin da ke kisa a hayaƙinsa ba shi da wari, mutum na barci zai wuce.

Yanzu abin da ya fi damuna, tsofaffi. Kira Hajiya ka ce yaya zafi, amsar ɗaya ce: "Lokacinsa ne, Alhamdulillahi." Ba za ta ce maka ta yini ba ta sha ruwa ba. Tsoho ba ya jin ƙishirwa yadda yaro ke ji, guminsa ma ya ragu. Wata kuma da gangan take ƙin sha don kada fitsari ya dame ta da sabunta alwala. Ni yanzu na daina tambayar ta, ƙanwata nake tambaya: kofi nawa kika ga ta sha? Kada ku jira ta nema. A ajiye mata a gefen sallaya. Mai shan maganin hawan jini ko mai ciwon ƙoda, a tambayi likitansa yadda zai yi da ruwa a irin wannan lokaci. Jaririn da bai kai wata 6 ba kuma ba a ba shi ruwa, nono za a ƙara masa.

Fitsari ya yi ja kuma ya yi kaɗan, ruwa ya yi ƙaranci a jiki. In da jiri da kasala bayan gumi mai yawa, a haɗa ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Zoɓo da kunun aya da kankana duk suna taimakawa, amma ba sa maye gurbin ruwa.

In kuwa kuka ga jiki ya yi zafi rau, mutum ya fara sambatu, bai gane ku ba, ko ya yanke jiki ya faɗi, to an wuce maganar farasitamol, ba zazzaɓi ba ne da za ta saukar. A kai shi inuwa, a rage masa kaya, a kwara masa ruwa, a sa jiƙaƙƙen tsumma a wuya da hammata da matsematsi, ana yi masa fifita. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa komai. Wani ya ruga neman ɗan sahu, ku kuna ci gaba da jiƙa shi har a cikin keken, har ƙofar asibiti.